Ƙetaren Teku Da Ƙetaren Kogi

 

Duk matafiyin da ya taso daga Abuja ya nufi Kaduna, kafin ya shiga gari sai ya ratsa ta Gonin Gora, wata babbar unguwa a cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, kudu da Kogin Kaduna. Yawancin mazaunanta Kirista ne. Musulmin Arewa da yawa ba su san kome game da wannan wuri ba sai suna, sunan kuwa ba mai daɗin ji ba ne a kunnuwansu. Tun daga rikicin watan Fabrairu na shekarar 2000 birnin Kaduna ya rabu biyu, Musulmi suka yi ta ƙaura zuwa Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista kuma suka gangara Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora, har kogin da Allah ya halitta domin sha da wanki da noman rani ya zama kamar iyakar ƙasa da ƙasa. Ran 17 ga watan Yuni, 2012, 'yan Boko Haram suka ta da bama-bamai a majami'u uku a Zariya da Kaduna, suka kashe masu ibada. Kafin rana ta faɗi wasu matasa suka tare hanya a Gonin Gora, suka huce haushinsu a kan matafiyan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Waɗanda suka rasa 'yan'uwansu a majami'a ba su manta ba, waɗanda suka rasa nasu a kan kwalta su ma ba su manta ba.

To, amma akwai abin da matafiyi ba ya gani ta tagar mota. Bayan shagunan bakin hanya akwai gidaje, akwai kwatami da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, waɗanda ke cika da ruwa da zarar damina ta kankama. A watan Agusta, cikin waɗannan gidaje, akwai uwa zaune tsakar dare da ɗa a cinya, jikinsa kamar garwashi, ta rasa inda za ta sa kanta, daidai yadda wata uwa take zaune a Rigasa a wannan daren. Tambayar da ta kamata a tsaya a kanta ita ce: shin Musulmin da ke arewacin kogi yana da wani hakki a wuyansa game da wancan yaro? In kuwa yana da shi, da wace niyya zai sauke shi?

Abin da ya kawo wannan tambaya shi ne wata magana da aka saba ji a bakin matasan Musulmi. Sukan ga samari da 'yan mata daga Amurka da Ingila da Kanada, waɗanda majami'unsu suka tara wa kuɗin jirgi, sun zo ƙasashen Afirka da gidajen sauro da magunguna, sun yi mako biyu ko uku suna zagaya ƙauyuka da gidajen marayu. Sai matasan nan su kasu biyu. Wasu su ce wannan duk tarko ne, a guje shi. Wasu kuma su yi ajiyar zuciya su ce, ina ma a ce akwai ƙungiyar da za ta ɗauke su ta kai su wata ƙasa mai nisa su ma su yi irin wannan aiki saboda Allah. Dukansu biyu idonsu yana kan ƙetaren teku, alhali kuwa daga Tudun Wada zuwa Gonin Gora tafiya ce wadda ba ta kai sa'a guda a mota ba.

Ya kamata mai karatu ya san girman abin da ake magana a kai. Zazzaɓin cizon sauro ba daga cin ɗanyen mangwaro yake zuwa ba, ba kuma daga dukan ruwan sama ba. Wata ƙwayar cuta ce wadda macen wani irin sauro ke ɗaukowa daga jinin mai cutar, ta rene ta a cikinta wajen kwana goma ko fiye, sa'an nan ta zuba ta a jinin wani. Ƙwayar takan fara sauka a hanta ta hayayyafa, daga nan ta fito ta riƙa farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Babban mutum wanda ya sha fama da ita tun yana ƙarami yakan yi kwana biyu a kwance ya tashi. Yaro ɗan shekara biyu kuwa jikinsa bai saba ba, sai jininsa ya ƙone, tafin hannunsa ya yi fari fat, ko kuwa cutar ta hau masa kai ya riƙa shiɗewa, har a ce iskoki ne. Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2023 mutum wajen 597,000 wannan cuta ta kashe a duniya, kusan kashi 31 cikin 100 daga cikinsu a Nijeriya, kuma a nahiyar Afirka wajen uku daga kowane huɗu na mamatan yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Duk rikice-rikicen da aka yi a Kaduna, da za a haɗa gawarwakinsu wuri guda, ba su kai abin da sauro ke binnewa a ƙasar nan cikin shekara ɗaya ba, amma ba a taɓa sa dokar hana fita saboda shi ba.

Cutar nan ba baƙuwa ba ce a tarihin Musulunci. Lokacin da Muhajirai suka isa Madina, garin ya shahara da masassara, har Sayyidina Abubakar da Bilal, Allah ya yarda da su, suka kwanta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙi Allah ya sa wa garin lafiya. Kuma Allah da kansa, a aya ta 26 ta Suratul Baƙara, ya sanar da cewa ba ya jin kunyar buga misali da sauro.

A koma kan 'yan Mishan, domin adalci ya wajaba ko a kan wanda aka saɓa da shi. A watan Disamba na 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin shigowa ƙasar Hausa. Babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, cikin ƙasar Zazzau, Kent ya mutu a Bida, Bingham kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi a Legas, daga baya ya koma gida. Daga wannan mafari ƙungiyar SIM ta taso, wadda ta haifi majami'ar ECWA. Waɗanda suka biyo bayansu, da na wasu ɗariƙun, su suka kafa asibitin Wusasa kusa da Zariya, da na Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950, da na St. Gerard a Kakuri, da gidajen kutare a lokacin da dangin kuturu kan gina masa bukka a bayan gari. Ba su ɓoye abin da ya kawo su ba, yaɗa addininsu ne. Musulmi ba ya yarda da aƙidarsu, amma ba zai iya cewa ba su sayar da rayukansu a kan abin da suka gaskata ba, kuma Musulmi nawa ne aka haifa ko aka yi wa aiki a waɗannan asibitoci, suka fito da addininsu lafiya lau?

Karɓar magani daga hannun wanda ba Musulmi ba halas ne, malamai ba su yi wani dogon saɓani a kan haka ba, muddin an amince da gwanintarsa da amanarsa. Gidan sauro ba ya zama haram don wanda ya miƙo shi yana rataye da gicciye. Gaskiya ne cewa shakkar da mutanen Arewa ke yi wa maganin kyauta ba daga sama ta faɗo ba. Abin da ya faru a Kano a 1996, sa'ad da aka gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka dakatar da allurar shan-inna a 2003, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya yi tsalle. Amma tsallen nan yara ne suka biya kuɗinsa da ƙafafunsu. Maganin shakka shi ne a bincika ta hannun likitocin da aka yarda da su, ba a rufe ƙofa ba.

Wannan ɓangaren mai sauƙi ke nan. Mai wuyar shi ne na bayarwa. Wani zai ce: a bar Kirista su kula da nasu, Musulmi su kula da nasu, ga almajirai da marayu sun cika Rigasa. Akwai gaskiya a ciki, domin na kusa shi ya fi cancanta a fara da shi, zakka kuma a wajen yawancin malamai ba a ba talakan da ba Musulmi ba. Amma sadakar ganin dama ba ta da wannan shinge. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta bayyana cewa Allah bai hana Musulmi kyautata wa waɗanda ba su yaƙe su saboda addini ba, ba su kuma fitar da su daga gidajensu ba. Aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta lissafa maƙwabci na nesa tare da na kusa a cikin waɗanda za a kyautata wa. Sayyidina Umar, kamar yadda Alƙali Abu Yusuf ya kawo a littafinsa na Haraji, ya ga wani tsohon Bayahude makaho yana bara, ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya samu, sa'an nan ya sa a yanka masa rabo daga baitulmali.

Sai mai jayayya ya ce: to, ai ayar da kanta ta keɓe waɗanda suka yaƙi Musulmi, mutanen Gonin Gora kuwa sun zubar da jinin matafiya. A nan ne ya kamata a yi magana a hankali. Waɗanda suka tare hanya mutane ne masu sunaye, laifinsu yana wuyansu, kuma rashin hukunta irinsu, a kowane ɓangare na kogin, shi ne ya sa gyambon ya ƙi warkewa. Amma unguwa ba ta kisan kai, kamar yadda Tudun Wada ba ita ta ta da bam a Wusasa ba. Yaron da ke shiɗewa a wannan damina ba a ma haife shi ba a 2012. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da yawa cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, aya ta 8 ta Suratul Ma'ida kuma ta gargaɗi Musulmi kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa su bar adalci. Ga kuma labarin Sumamatu ɗan Usal, shugaban Yamama, wanda da ya musulunta ya rantse ba za a ƙara kai ƙwayar alkama Makka ba. Da yunwa ta matsa wa Kuraishawa, waɗanda a lokacin suna cikin gaba da Musulmi, suka rubuto wa Manzon Allah suna roƙonsa da zumunci, sai ya umarci Sumamatu ya saki hanyar abinci. In har an bar hatsi ya isa ga garin da ya kori Annabi, da wace hujja za a hana gidan sauro isa ga jaririn da bai san ma'anar kogi ba? Mutanen wurin su ma ba a cikin daula suke ba, domin a farkon 2024 'yan bindiga sun shiga Gonin Gora sun yi awon gaba da mutum 16, irin masifar da ta daɗe tana cin ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa.

Saura batun niyya, kuma nan ne mutanen kirki da yawa ke tuntuɓe. Wani mai kishin addini zai ce: madalla, a je Gonin Gora da magani, a yi musu irin abin da 'yan Mishan suka yi wa Maguzawa, a jawo su. Wannan mutum ya ɗauki ainihin abin da yake zargin wasu da shi ya sa masa rawani. In laifi ne a sa uwar da ɗanta ke mutuwa ta saurari wa'azi kafin a ba ta magani, to laifi ne ko wa ya yi shi. Mace a wannan hali ba ta da zaɓi, za ta faɗi duk abin da aka ce ta faɗa, imanin da aka karɓa a wannan kasuwa kuwa ba imani ba ne, fashi ne da ya yi alwala. Malaman tafsiri sun ruwaito cewa wasu sahabbai sun ƙi ba danginsu mushirikai sadaka domin su matsa musu su musulunta, sai aya ta 272 ta Suratul Baƙara ta sauka tana sanar da cewa shiryar da su ba a wuyan Annabi yake ba, na Allah ne, abin da aka ciyar kuwa amfaninsa na mai ciyarwa ne. Suratul Insan ta yabi waɗanda ke ciyar da miskini da maraya da fursunan yaƙi ba su neman sakayya ko godiya, fursunan yaƙi a wancan zamani kuwa ba Musulmi ba ne.

Akwai hujjoji biyu da akan kawo don a kare saɓanin haka. Ta farko ita ce rabon waɗanda ake lallashin zukatansu, da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Amma a duba su wane ne aka bai wa. Bayan yaƙin Hunainu, irin su Uyainatu ɗan Hisnu da Aƙra'u ɗan Habis ne aka ba raƙuma ɗari-ɗari, watau shugabannin ƙabilu masu ƙarfi, waɗanda ke da ikon karɓa ko ƙi, kuma shugaban Musulmi ne ya bayar domin maslahar jama'a. Wannan bai yi kama da ƙwayar magani a bakin jariri ba ko kaɗan. Ta biyu ita ce hadisin yaron nan Bayahude mai yi wa Manzon Allah hidima, wanda da ya yi ciwo Annabi ya je duba shi ya kuma kira shi zuwa Musulunci. Haka aka yi, babu mai musu. Sai dai an yi kiran ne a fili, uban yaron yana zaune, yaron ya dubi ubansa, uban ya ba shi izini, kuma babu wani abin da Annabi ya riƙe a hannu yana cewa sai an karɓa za a miƙa. Kira zuwa ga Allah aikin Musulmi ne har abada, wanda ya tambaye shi addininsa ya gaya masa ba tare da kunya ba. Abin da ba shi da kyau shi ne a ɗaura kiran a wutsiyar magani.

Haka nan ɗabi'ar nan ta jera yara a ba su kaya a ɗauki hoto a watsa wa duniya. An daɗe ana sukar baƙin Turawa a kanta, ga shi yanzu ƙungiyoyin Musulmi sun fi su iyawa. Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta ishi mai hankali game da abin da gori da riya ke yi wa sadaka.

Masu wa'azin zaman lafiya kan ce sauro bai san Musulmi ba, bai san Kirista ba. Gaskiya ne, kuma ko da yake sauro ba ya yin nisa da inda ya ƙyanƙyashe, mutane suna ɗauke da ƙwayar a jininsu daga wannan kasuwa zuwa waccan, saboda haka raguwar cutar a kudu raguwarta ce a arewa. Amma wannan lissafin ɗan kasuwa ne, ba ya kai mutum ko'ina ranar da ribar ta ɓace. Matar nan da hadisi ya ce an gafarta mata saboda ta shayar da kare ba ta yi tsammanin kome daga karen ba.

Ba a kuma cewa a fara daga babu. A shekarar 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da Archbishop John Onaiyekan, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, suka jagoranci kafa wata ƙungiyar haɗin gwiwar addinai mai suna NIFAA, aka horar da limamai da fastoci su riƙa koya wa mabiyansu amfani da gidan sauro. A Kaduna kanta, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a dā suka jagoranci matasa masu gaba da juna, suna aiki tare tun 1995. Tun 2012 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi sau ɗaya kowane wata a tsawon damina, aka fara a Jihar Katsina a 2013, daga baya abin ya bazu a jihohin Arewa. Masu rabawa suna bin gida-gida, su ba da na ranar farko da hannunsu, su bar wa uwa na kwana biyu. Akan zaɓe su ne daga cikin unguwar, kuma haka ya dace, domin uwa ba ta buɗe bakin ɗanta sai ga fuskar da ta sani. Saboda haka ba ana nufin samari su ɗauki jaka su faɗa unguwar da ba a san su ba. Wanda zai shiga gida ta ƙofa yake shiga, watau ta hannun mai unguwa da shugabannin majami'a da ma'aikatan lafiya na wurin, kamar yadda Musulmi zai so a shigo masa. 'Yan agajin Jama'atu da na Fityanu da na Izala, da matan FOMWAN, suna da horo da tsari da mutane. Ranar da rundunar 'yan agaji ta haɗu da matasan wata majami'a suka yashe kwatamin Gonin Gora da safe, da yamma suka juya suka yashe na Rigasa, wannan aikin gayya ne irin wanda kakanni suka sani.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi, wadda ba ta bukatar izinin kowa. Yaron da zazzaɓi ya ƙone wa jini, abin da ke tsakaninsa da kabari sau da yawa leda guda ce ta jini, iyaye kuwa kan yi ta yawo cikin dare suna neman wanda nasa ya dace. Babban mutum mai lafiya yana iya bayarwa bayan kowane wata uku ko huɗu ba tare da ya cutu ba, malamai kuma sun halatta shi domin ceton rai. Asibitin Yusuf Ɗantsoho yana Tudun Wada, na Barau Dikko yana tsakiyar gari, na Gwamna Awan da na St. Gerard suna Kakuri, a ƙetaren gada. Wanda ya miƙa hannunsa a ɗaya daga cikinsu ba zai san ɗan wa aka ƙara wa ba, uwar yaron ba za ta san wanda za ta gode wa ba, kuma babu inda za a rubuta wa'azi a jikin ledar. An fi bukatarsa daga watan Yuli zuwa Oktoba.